Kyautar Sallamar Alƙali

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

Yau an sa ni na wanke bijimin nan.

Shekara ashirin da shida ina riƙe da ɗakin kyaututtuka a gidan Shugaban ƙasa. Shugabanni huɗu na yi wa aiki, har sunana ya ɓace, kowa sai Uwar Kaya. Aikin ba wani mai wuyar ganewa ba ne. Duk abin da baƙon wata ƙasa ya kawo wa Shugaba, wurina ake saukowa da shi, in ɗaura masa takarda in ajiye a kan kanta. Ranar da wani daga ƙasar zai zo, sai in ɗauko kyautarsu in goge in ɗora a babban falo, kamar can take kwana take tashi. Baƙo ya gani ya ji daɗi, yana fita in mayar da ita ƙasa. Ƙarya ce, amma mai ladabi, ban taɓa jin kunyarta ba sai yau.

Bijimin na tagulla ne, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Mai Yatsa ne ya kawo shi shekara goma sha huɗu da suka wuce, lokacin yana ƙaramin minista a ƙasarsu, ko kujerar kirki ba a ba shi ba. Tun daga ranar da shi nake tokare ƙofar ɗakina. Sunan Mai Yatsa ma mu muka sa wa mutumin, don ba ya iya magana a talabijin sai yana tsokane wa mutane ido da yatsa. To yau mako biyar ke nan da ya ci zaɓe a can ƙetaren teku, kuma jakadansa zai zo gobe.

Darakta, shugaban ofishin karɓar baƙi, da kansa ya sauko, yana haki.

"Uwar Kaya, ba mu da wani abu daga wurin mutumin nan?"

Na ce, "Ga shi nan kana taka shi, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga ƙafa kamar ya taka garwashi. Ya durƙusa, babban mutum da kwat ɗinsa, yana goge wa bijimin ƙura da hankicinsa. Na kau da kai.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyu na rana

An sauko da agogon bango da darduma, kyautar wanda Mai Yatsa ya kayar. Shekara bakwai suna falo, Shugaba yana nuna wa kowa yana cewa na amininsa ne. Yanzu suna bayan kanta ta uku, kusa da tsintsiya.

An kuma sauke hoton. Wannan ne ya fi damuna. Hoton Shugaba ne a matakalar majalisa, ya riƙe hannun Alƙali ya ɗaga sama. Ina wurin ranar, da kunnena na ji. "Muddin ina numfashi, ba mai taɓa ko gashin kan wannan bawan Allah." Duniya ta tafa masa, har lambobin yabo aka aiko daga ƙasashe uku, suna nan a kanta ta biyar.

Alƙali ɗan ƙasar can ne. Shi ya ɗaure Mai Yatsa shekara biyu kan maguɗin zaɓe. Da mutumin ya fito, yaransa suka ƙone gidan Alƙali, suka kashe direbansa. Shugabansu na lokacin ya roƙi namu ya riƙe masa shi. Shekara uku ke nan yana ƙaramin gidan da ke bayan lambu, shi kaɗai, matarsa ta rasu tun kafin ya zo.

Inda hoton yake ya bar tabo mai kusurwa huɗu a bango. Darakta ya ce in nemo abin da zai rufe. Na ba shi zanen wasu agwagi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Laraba ranar Alƙali ce. Ya san harsuna shida, ni kuwa akwai kyaututtukan da rubutun jikinsu ya fi ƙarfina, don haka duk mako nakan kai masa ɗaya ko biyu ya karanta mini, mu sha shayi. Yanar ido ta rufe masa gani, yanzu sai dai ya shafa rubutun da yatsa, in kuma a takarda ne in kwatanta masa harafi harafi. Yarenmu ya koya, yana yinsa a karkace, amma ba ya jin kunya.

Yana son labarin aikina fiye da yadda ni nake sonsa. Ni na koya masa dokar ƙyalle: kyautar maraba da farin ƙyalle ake ɗaure ta, ta sallama da kore, kuma ba a ba mutum kore sai in ba zai dawo ba, kamar jakadan da wa'adinsa ya ƙare. Ya yi dariya ya ce, "Ashe ke ce babbar kotun gidan nan, 'yar'uwa."

Ya tambaye ni ko an sauke hoton. Na ce wa ya gaya masa. Ya ce ba kowa, shi ma da haka zai yi.

"Ku bar shi ya yi siyasarsa. Hoto ba ya ciwo. Mutumin nan ya ba ni kalmarsa a gaban majalisa."

Da zan tafi ya raka ni har ƙaramar ƙofar baya, inda yake fita kullum da la'asar ya zaga. Masu gadin wurin sun saba da shi, har sandarsa suke miƙo masa. Layi biyu daga nan akwai ofishin 'yan gudun hijira, mai shuɗiyar ƙofa. Ya ce kullum ta gabansa yake wucewa, yana jin ƙanshin furen da suka shuka.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Baban yara yana gida. Shekara talatin ban taɓa ganinsa a gida da wannan lokaci ba. Gidan burodinsa yau kwana goma sha biyu a rufe, ba fulawa. Ma'aikatansa bakwai ya sallama, kuma kullum sai sun zo sun zauna a bakin tanda mai sanyi suna kallonsa.

Jiragen ruwan alkama da na taki daga ƙasar can suke zuwa. Tun da Mai Yatsa ya hau suka tsaya. Wai matsalar takardu. Wai gyaran tashar ruwa. Kowa ya san ko mene ne, ba mai faɗa. Zaɓenmu saura wata huɗu.

Yana zaune yana murɗa rediyo, daga wannan tasha zuwa waccan. Na ce ya bar ta ta huta. Ya ce, "Ke kina da inda za ki."

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Takarda ta zo.

Bari in rubuta yadda abin yake, don ni kaina in gane. A ofishin Darakta akwai akawu, mace mai tsari, ba ta taɓa makara ba. Duk baƙon da aka sa ranar tafiyarsa a jadawali, kwana goma kafin ranar takan cike ƙaramar takarda ta aiko mini, don in shirya kyauta. Ba ta tambaya, ba ta tunani, haka aka koya mata, haka ta yi shekara ashirin. Wani ya sa suna a jadawali, ita kuma ta yi aikinta.

Ga abin da ke ciki. Baƙo: Alƙali. Rana: Alhamis, 20 ga wata. Inda ya nufa: ƙasarsa. Irin kyauta: sallama.

Na karanta sau huɗu. Na hau sama da ita. Darakta na ganinta fuskarsa ta yi fari fat, ya tashi ya rufe ƙofa.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Ofishinka, ranka ya daɗe."

Ya zauna. Ya ce mutum biyar ne suka san maganar nan a duk ƙasar, yanzu tsarin banza ya mai da su shida. Ya tuna mini da rantsuwar riƙe sirri da na sa wa hannu. Ya tuna mini saura wata goma in yi ritaya, kuma gidan da muke ciki na ma'aikata ne. Bai ɗaga murya ba, har ruwa ya zuba mini.

Na ce, "Shi ya sani?"

Ya ce, "Ki shirya kyauta, Uwar Kaya."

Talata, 11 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na share ɗakin sau biyu. Ba datti.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je. Na kai masa wani faranti mai rubutu a gefe.

Na same shi yana murna kamar yaro. Shugaba da kansa ya kira shi a waya jiya. Wai an samo masa likitan ido a wata ƙasa ta uku, za a kai shi ranar Alhamis ta sama, a cire masa yanar, mako biyu ya dawo.

"Kin gani? Kuna ta zarginsa. Mutum yana cikin wannan bala'i amma ya tuna da idon tsoho. In na dawo zan ga fuskarki sosai, in san ko da gaske kina harara ta kamar yadda muryarki ke nunawa."

Na yi dariya. Wallahi na yi dariya, na ji ta da kunnena.

Ya karanta farantin. Addu'ar zaman lafiya ce tsakanin ƙasashe. Na sha shayi kofi biyu. Na ce masa gari ya yi zafi. Ya ce ƙwarai. Na ce takalminsa na dama ya fara buɗe baki, ya kawo a kai wa mai gyara. Ya ce sai ya dawo.

Yau ma ya raka ni har ƙofar baya. A buɗe take.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Jiya Shugaba ya yi wa ƙasa jawabi. Minti arba'in. Ya ce duniya ta shiga sabon yanayi. Ya ce ƙasa mai hankali tana duba inda iska ta dosa. Ya kira Mai Yatsa "ɗan'uwana" sau uku, na ƙirga. Wannan bakin dai, da wannan giɓin a haƙorin ƙasa, shi ne shekara uku baya ya kira shi ɓarawon akwatin zaɓe a gaban majalisa.

'Yan adawa ma ba su fi shi ba. Shugabansu ya fito yana kumfar baki wai gwamnati ta yi jinkirin gyara dangantaka. Wato laifin Shugaba shi ne bai lashe amansa da wuri ba. Ban ji mutum ɗaya ya ambaci Alƙali ba, a majalisa ko a jarida. Waɗanda suka aiko da lambobin yabo ma shiru, kowa na lallaɓa nasa jirgin ruwan.

Na zaɓi mutumin nan sau biyu. Na tsaya a layi cikin rana har ƙafata ta kumbura. Tir.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na gaya wa Baban yara. Ban yi niyya ba, ina wanke kwanuka maganar ta fito.

Ya rage muryar rediyo. Ya san Alƙali, shi yake aika masa burodi marar sukari duk mako. Sannan ya ce, "In kin gaya masa, me zai yi?"

Na ce zai fita ta ƙofar baya ya shiga shuɗiyar ƙofar nan, kuma daga can ba mai iya fito da shi sai duniya ta ji.

"Jiragen kuma?"

Na mai da kwanon cikin ruwa. Ya ci gaba.

"Kuma cikin mutum shida, wa za a ce ya faɗa? Darakta? Ministan tsaro?" Ya goge fuska da tafin hannu. "Ni ban ce kar ki faɗa ba. Kar ki ce na ce. Amma yau ɗaya daga cikin ma'aikatana ya ce mini matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu, don ba abin da za ta ba su. Ni dai abin da na gani ke nan."

Na ce masa matsoraci. Ya ce ya ji. Ya ɗauki hularsa ya fita, ni kuma na ci gaba da wanke kwanon da na riga na wanke.

Ba shi da laifi. Shi ne abin da ya fi ba ni haushi.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe tara na safe

Gobe zan je. Kalma biyu ce kawai. Gobe.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe uku na rana

Shugaba ya sauko ɗakina. A shekara bakwai bai taɓa ba, sai da aka nuna masa hanya. Ya ce wa masu tsaronsa su jira a matakala.

Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya zaga kantocin yana taɓa kaya, ya tsaya a gaban agogon amininsa da ke kusa da tsintsiya, ya wuce.

"An ce kin sani."

"Takarda ce ta zo, ranka ya daɗe."

"Kina ganin ni mugu ne."

Na jawo masa kujera. Ba a amsa irin wannan.

Ya zauna a kujerata, ni ina tsaye. Ya ce cikin mako uku ya kira shugabanni goma sha ɗaya, waɗanda suka tafa masa ranar nan. Huɗu ba su ɗauka ba. Biyar sun ce suna tare da shi a zuci. Ɗaya ya ce zai aiko da tawagar bincike. Na ƙarshen ne kawai ya gaya masa gaskiya, ya ce shi ma tasa alkamar daga can take zuwa.

"Da na hau, duniya tana da dokoki, Uwar Kaya. Kana yin daidai, a tsaya a bayanka. Yanzu na waiwaya ba kowa. Mutane suka zaɓe ni, su zan ciyar. In na faɗi zaɓen nan, wanda zai hau ko waya ba zai kira ba, a mota zai jefa shi. Ni aƙalla na karɓi alkawari za a yi masa shari'a ta gaskiya."

Na ce, "Daga wurin wa, ranka ya daɗe?"

Ya kalle ni. Na zaci kora ta ta zo. Sai ya tashi ya ce ya zo ne ya zaɓi kyautar da kansa, don abokinsa ne. Na nuna masa abin da aka saba bayarwa, alƙalamin zinare, agogon hannu, ƙaramar taswirar ƙasa ta azurfa. Ya girgiza kai. Ya ce duk za a karɓe su a bakin ƙofa.

"Ba ki da bargo? Mai kauri. Can akwai sanyi, kuma ɗakunan ba su da taga."

Ya san ɗakunan. Ya san ba su da taga. Yana maganar shari'a ta gaskiya, a ransa kuwa har ya auna sanyin ɗakin. Na ɗauko bargon ulu mai ruwan toka. Ya shafa shi, ya ce madalla, idonsa ya kawo ruwa. Hawayen nan su na fi ƙyama. Da ya fita sai da na buɗe ƙofa iska ta shiga.

Ya ce a yi bikin sallama da masu ɗaukar hoto, don duniya ta ga da girmamawa aka rabu. Ni zan riƙe tire.

Litinin ɗin dai, ƙarfe shida na yamma

Na bi ta lambu. Na kai har bishiyar lemo ta biyu. Ina hango shi a baranda, yana ɗaure igiyar takalmi da lalube, zai fita zagayensa.

Sai na tuna ban kashe fankar ɗakina ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe tara na safe

An canja masu gadin ƙofar baya. Sababbi ne, ba su san kowa ba, an sa kwaɗo. An ce wa Alƙali likita ya ce ya huta kafin aiki. Ba mai shiga wurinsa sai da takardar Darakta.

Zan rubuta abin da na ji da aka gaya mini, tunda ba mai karanta wannan littafi. Sauƙi na ji. Kamar an sauke mini tulu daga ka. Na ce a raina, to yanzu ko ina so ba hanya. Na ci abincin rana har na ƙara.

Fankar a kashe take jiya. Tun safe ban kunna ta ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ban je ba. Na ninke bargon, na sa a kwali, na ɗaure. Kullin ya yi kyau.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ƙarfe goma aka yi, a ƙofar babban falo. Mota uku. Jakadan Mai Yatsa yana can gefe bai yi magana ba, an ce masa kar ya yi, don Alƙali zai gane harshen. Masu hoto biyu na gidan ne.

Aka fito da shi da 'yar jakarsa, ya sa kwat ɗinsa mai kyau, da takalmin nan mai buɗaɗɗen baki. Shugaba ya rungume shi, ya daɗe. Alƙali yana bubbuga bayansa yana cewa, "Haba, mako biyu ne kawai." Darakta ya yi mini alama da ido, na matso da tire.

Alƙali ya ji motsina ya ce, "'Yar'uwa, ke ce? Ba ki zo jiya ba."

Na ce aiki ne ya yi yawa.

Shugaba ya ɗauki kwalin ya miƙa masa, aka ɗauki hoto. Alƙali ya karɓa yana murmushi, ya ce don zuwa asibiti ma sai an yi kyauta. Ya shafa kwalin. Yatsunsa suka tsaya a kan kullin. Ya ɗaga shi kusa da fuskarsa, ya juya shi wajen haske, bai gani ba. Sai ya juyo inda nake.

"Wane launi ne ƙyallen?"

Ba wanda ya yi tunanin wannan. Darakta bai san na koya masa ba. Shugaba bai ma san akwai dokar ba. Duk suka kalle ni.

Na ce, "Kore ne."

Bai faɗi ba, bai yi ihu ba. Murmushin ne ya tafi a hankali. Ya tsaya yana sauraro, ina jin yana ƙirga numfashin mutanen da ke wurin. Ya yi wata magana gajeriya da yarensu, ba ga kowa ba, sai jakadan ya sunkuyar da kai, takalminsa ya yi ƙara a kan tsakuwa. Alƙali ya gyaɗa kai. Bai juya wajen Shugaba ba ko sau ɗaya, daga nan har ya shiga mota.

Ni ya matso. Ya rage murya.

"Yaushe takardar ta zo miki?"

Na ce, "Yau da safe."

Ya lalubo hannuna, tiren yana tsakaninmu, ya riƙe.

"Na sani. Da kin sani da wuri, da kin gaya mini. Kar ki sa wa ranki damuwa, 'yar'uwa."

Suka tafi da shi. Kwalin yana kan cinyarsa.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Jarida ta ce ya koma gida bisa raɗin kansa. Hoton ya fito sosai. Ga ni a gefe da tire.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Jirage biyu sun iso, uku suna hanya. Ana ta busa hon a titi, an liƙa hoton Shugaba a jikin motocin haya. Baban yara ya kunna tanda, ma'aikatansa bakwai sun dawo. Ya shigo gida da ƙurar fulawa har a gira. Mun gaisa kamar maƙwabta.

Daga can ba labari. Rediyo ta ce za a fara shari'a idan an kammala bincike.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An kwashe ƙaramin gidan, za a yi masa fenti. Masu shara suka sauko mini da abin da ya bari a cikin kwali ɗaya: butar shayi, kofi biyu, silifas, kwalbar maganin ido da saura rabi, da rigar sanyin matarsa da ban taɓa sanin yana ajiye da ita ba.

Na hau na tambayi Darakta inda za a aika su. Ya buɗe littafin dokokin ofis, ya bi da yatsa, ya samo. Duk abin da baƙon wata ƙasa ya bari a gidan Shugaba, kyauta ce ga Shugaba. A ɗaura masa takarda a ajiye.

Na ce, "Silifas ɗin ma?"

Ya ce, "Har silifas ɗin."

Na sauko. Na yanka takarda shida, na huda, na sa zare. A kowace na rubuta: daga Alƙali, zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙasa, don nuna godiya. Haka ake rubutawa. Ba wanda ya tsaya a kaina.